Laburaren firintin da manhajarka ke jingine da shi ya canja lasisi? Ga yadda za ka bi abin

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja, musamman ku da kuke yi wa shaguna da makarantu da bizines senta aiki a cikin garin nan.

Wani ƙanina da muke aiki tare ne ya fara jawo hankalina kan maganar nan, lokacin muna ɗaga kwamfutocin kwastomominmu daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, wato daga tsohuwar sigar wannan nau'in Linux ɗin zuwa sabuwa. Muna zaune a ɗan ofis ɗinmu wajen Zoo Road, janareta na ta ruri a baya, shi yana karanta jerin abubuwan da suka canja, sai ya ɗago kai ya ce "Yaya, ka san CUPS ya bar GPL kuwa?" Na ce masa toh sai me, ai firinta tana bugawa. Ya ce "Bugawa kam tana yi Yaya, amma kod ɗin nan da muka ɗauko na juya tambarin shago zuwa baƙi da fari, GPL 2 ne zalla fa." Wallahi daren nan ban kwanta da wuri ba, saboda mu ba wai a kwamfutarmu kaɗai abin yake ba, 'yan ƙananan kwamfutoci na hannu muke sayowa mu ɗora musu Linux da manhajar rasit ɗinmu, mu haɗa da ƙaramar firinta mu kai wa 'yan Kwari da 'yan Singa, a biya mu. Wato kayan mutane muke rabawa da hannunmu, kuma duk wanda ya ba da kod ɗinsa kyauta da sharaɗi ya ba ka amana ne, ko yana ganinka ko ba ya ganinka.

Ga wanda bai san CUPS ba, shi ne tsarin da ke kula da firintin a Linux da macOS, duk takardar da ka tura wa firinta ta hannunsa take bi. Michael Sweet ne ya rubuta shi a kamfaninsa Easy Software Products, ya fito a 1999, sai Apple suka saye kod ɗin a 2007 suka ɗauke shi aiki. Duk tsawon shekarun nan lasisinsa GPL 2 ne, wato siga ta 2 ta lasisin da ke cewa ka yi amfani da kod kyauta amma idan ka raba sai ka raba da asalin kod ɗin a kan sharaɗi ɗaya, shi kuma laburarensa libcups, wanda sauran manhajoji suke kira idan za su yi firintin, yana ƙarƙashin LGPL 2, ƙanin GPL mai sassauci, wanda kusan kowa zai iya jingina da shi ba matsala. A watan Nuwamba 2017 Apple suka sanar cewa daga siga ta 2.3 an koma lasisin Apache 2.0. Ubuntu 18.04 yana zuwa da CUPS 2.2.7, shi kuma 20.04 da 2.3.1, kaga kenan ba mu taɓa ko layi ɗaya a kod ɗinmu ba amma ƙasar da muke tsaye a kai ta canja.

Wani zai ce ai Apache ya fi GPL sauƙi, toh ina matsalar? Haka ne, ya fi sauƙi, kuma ga mai manhajar da bai buɗe kod ɗinta ba canjin alheri ne ma. Matsalar tana tsakanin Apache 2.0 da GPL 2 ne kawai, kuma bari in kwatanta da abin da muke gani a unguwa. Wani bawan Allah ya haƙa rijiyar burtsatse sadaka, ya ce kowa ya ɗiba, amma sharaɗinsa ɗaya, ba wanda zai ƙara wa masu ɗiba wani sharaɗi bayan nasa. Wani kuma ya kawo injin jan ruwa shi ma sadaka, ya ce kowa ya amfana, amma duk wanda ya kai ƙara kotu a kan fasahar injin nan, izinin da na ba shi ya faɗi. Kowannensu alheri ya yi, amma ranar da ka jona injin a rijiyar ka ce jama'a bismillah, ka ɗora wa masu ɗiba sharaɗin da mai rijiya ya hana. Sashe na 6 na GPL 2, wanda aka rubuta tun 1991, shi ne yake hana ƙarin sharaɗi. Apache 2.0 da ya zo a 2004 kuma yana da sashe na 3 mai maganar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, wanda ke janye izini daga wanda ya kai ƙara, ga kuma sashe na 9 mai maganar ɗaukar asara idan ka ba da garanti. Gidauniyar FSF masu GPL da gidauniyar Apache duk sun tafi a kan cewa ba a haɗa Apache 2.0 da GPL 2. Da aka fito da GPL 3 a watan Yuni 2007 an gyara wannan da gangan, shi yana karɓar kod ɗin Apache, amma hanyar ɗaya ce, na Apache ne ke shiga cikin GPL 3, na GPL 3 ba ya komawa Apache. Sashe na 7 na GPL 2 kuma bai bar wani lungu ba, ya ce idan ba za ka iya cika sharuɗɗan duka ba toh kada ka raba manhajar kwata-kwata.

Toh abu na farko da za ka tambayi kanka tun kafin ka buɗe wani fayil, shin rabawa kake yi? GPL ba ruwansa da abin da ka yi a kwamfutarka ko a cikin kamfaninka, ka haɗa duk abin da ka ga dama. Yana farkawa ne lokacin da manhajar ta bar hannunka ta shiga hannun wani. A nan ne da yawanmu muke kuskure, muna ɗauka rabawa sai ka ɗora a GitHub ko Play Store. A'a malam, ka je shagon Alhaji a Kofar Wambai da filash ka saka masa a kwamfutarsa, ka raba. Ka tura masa ta WhatsApp, ka raba. Ka sayar masa da akwatin da manhajar ke ciki irin yadda muke yi, wannan shi ne rabawa mafi nauyi ma, don ka ba shi Linux ɗin da CUPS ɗin da komai da komai a dunƙule. Kuma GPL bai hana ka karɓar kuɗi ba, ka sa farashin da ka so, abin da ya hana shi ne ka ɓoye wa wanda ka sayar wa asalin kod ɗin ko ka hana shi bai wa wani.

Idan ka tabbata rabawa kake, sai ka duba ta yaya manhajarka take magana da laburaren, don a nan ne rabin mutane za su ga ashe su abin bai ma shafe su ba. Akwai mai kiran umarnin lp ko lpr kawai ya miƙa masa fayil. Akwai mai tura aiki ta IPP, wato hanyar magana da firinta ta netwok, a fot 631. Akwai kuma wanda ya jingina da libcups kai tsaye, manhajarsa da laburaren suna gudana a matsayin abu ɗaya. Na farko da na biyu, FSF da kansu sun bayyana cewa manhajoji biyu da ke magana ta layin umarni ko soket yawanci abubuwa biyu ne daban, kowa da lasisinsa. Na ukun ne ake kira haɗaka, kuma a wajen FSF ba bambanci ko ka narkar da laburaren a cikin manhajarka ko kana ɗauko shi ne lokacin da take tashi. Akwai lauyoyin da ke jayayya da su a kan wanda ake ɗaukowa lokacin da manhajar take tashi, amma ni shawarata ka ɗauki fassarar da ta fi tsauri ka yi aiki da ita, ya fi maka kwanciyar hankali. Yadda za ka gane kuwa, buɗe taminal ka rubuta:

ldd ./sunan-manhajarka | grep cups

Idan ka ga libcups.so.2 ya fito toh kana cikin kaso na uku. Masu Python ku duba ko kuna kiran pycups, shi ke jingina da libcups a madadinku, kuma shi kansa GPL ne, wanda wannan ma wani abin lura ne ga mai manhajar da kod ɗinta a rufe yake. Don sanin wace siga ce a kan kwamfutar sai ka yi dpkg -l | grep libcups, lasisin kuma Debian da Ubuntu suna ajiye shi a /usr/share/doc, ka shiga foldar kunshin za ka ga fayil mai suna copyright. Masu Fedora rpm -qi zai nuna muku.

Yanzu sai aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ainihin aikin, wato ka san lasisin kowane yanki da ke cikin manhajarka, ba naka kaɗai ba har wanda ka aro. Dan Allah kar ka dogara da abin da ka tuna, ko da ɗan tambarin da GitHub ke nunawa a gefe. Ga abin da ya kamata ka riƙe da kyau: GPL 2 kala biyu ne a aikace. Akwai wanda marubucin ya ce siga ta 2 kawai, akwai wanda ya ce siga ta 2 ko duk wadda ta biyo baya. Fayil ɗin COPYING mai ɗauke da rubutun lasisin iri ɗaya ne sak a duka biyun, ba zai gaya maka komai ba, bambancin yana saman fayilolin kod ɗin ne ko a cikin README. Kalmomin da za ka nema su ne "any later version", ko kuma a sabon salon rubuta sunan lasisi a taƙaice da ake kira SPDX ka ga GPL-2.0-or-later, kishiyarsa kuma GPL-2.0-only.

grep -rn "any later version" .
grep -rn "SPDX-License-Identifier" .

Wannan 'yar kalma ita ke raba gardama. Idan duk yankunan GPL da ke hannunka masu "or later" ne, shikenan ka huta, marubutan sun riga sun ba ka izinin ɗaukarsu a matsayin GPL 3, shi kuma yana zama lafiya da Apache 2.0, sai ka raba haɗakar a ƙarƙashin GPL 3. Amma fayil ɗaya tak mai "only" ya isa ya rufe maka wannan ƙofar, irin abin da ya same mu kenan, fayil ɗaya ne ɗan ƙarami wanda muka ɗauko shekaru baya muka manta da shi. Ƙwayar Linux kanta, wato kernel, GPL 2 zalla ce, don haka ba wani baƙon abu ba ne. Idan kuma marubucin cewa ya yi GPL kawai bai ambaci lamba ba ko a ina, sashe na 9 ya ba ka damar zaɓar kowace siga. Wanda kuwa ka tarar ba lasisi a jikinsa sam, kar ka ce ai kyauta ne tunda yana intanet, rashin lasisi yana nufin ba a ba ka izinin komai ba.

Masu PHP, na san da yawanku da mPDF kuke fitar da rasit da sakamakon jarrabawar ɗalibai, toh ku sani GPL 2 zalla ne. TCPDF kuma LGPL 3 ne, shi ma ba ya haɗuwa da GPL 2 zalla, abin da mutane da yawa ba su zata ba tunda duk 'yan gida ɗaya ne. Ku rubuta composer licenses a cikin foldar aikin zai jero muku komai. Masu Python akwai pip-licenses, masu Node akwai license-checker, wanda kuma aikinsa ya yi girma ya nemi ScanCode, shi fayil-fayil yake bi. Ka buɗe takarda ko Excel ka rubuta sunan kowane yanki, sigarsa, lasisinsa, da yadda ya shigo, kwafe shi ka yi ko jingina ka yi. Ranar farko akwai gajiya amma sau ɗaya ake yi.

Daga nan sai ka koma kan laburaren da ya canja ɗin, ka karanta abin da suka rubuta da idonka, kuma kar ka tsaya a fayil ɗin LICENSE. Mu a nan ne hankalinmu ya kwanta. Bayan sanarwar 2017 masu haɗa Linux irin su Debian da Fedora sun nuna damuwa, don suna da manhajoji masu GPL 2 zalla da ke jingine da libcups, kuma CUPS 2.3.0 bai fito ba sai watan Agusta 2019, kusan shekara biyu, ya fito kuma da togiya ta musamman domin kod ɗin GPL 2 da LGPL 2. Togiyar tana cikin fayil ɗin NOTICE, an ɗauko salonta daga wadda aikin LLVM ke amfani da ita. Abin da take cewa a taƙaice, idan ka jingina CUPS da manhajar GPL 2, sai kotu ta ga cewa sashe na 3 ko na 9 ko wani sashe na Apache ya ci karo da GPL 2, toh kana da damar ɗaukar wannan sashen kamar an yafe shi, a abin da ya wuce da abin da zai zo, amma a kan wannan haɗakar kaɗai. Wato mai injin ya dawo ya ce idan sharaɗina ne zai hana ruwa fita toh na janye shi a wannan rijiyar. Michael Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, ci gaban CUPS na Linux ya koma hannun OpenPrinting waɗanda suka fitar da 2.4.0 a 2021, kuma sun ci gaba da lasisin da togiyar yadda suke.

Amma ka lura da iyakarta. Maganar haɗawa ko jingina da abin da aka riga aka kompayil take yi. Ka buɗe kod ɗin CUPS ka yanko layi hamsin ka liƙa a cikin fayil ɗinka na GPL 2, wannan wani zance ne daban, ni dai ba na yi. Kuma togiyar ta CUPS ce ita kaɗai. OpenSSL ma ya koma Apache 2.0 a siga ta 3.0 a 2021, kar ka ɗauka duk wanda ya koma Apache ya yi irin wannan rangwamen, kowanne sai ka buɗe ka gani.

Akwai wata hujja da za ka ji ana kawowa, cewa ai GPL 2 ya yafe laburaren da ke zuwa da tsarin kwamfuta. Gaskiya ne akwai wannan a sashe na 3, amma da wutsiya a jikinsa, yafiyar ba ta aiki idan laburaren yana tafiya tare da manhajarka a raba su lokaci ɗaya. Wanda ya ba kwastoma manhaja ita kaɗai, Ubuntu ɗin kuma kwastoman ne ya saka abinsa, yana iya fakewa a nan. Mu masu sayar da akwati ɗungurungum ba mu da wannan mafakar, haka ma masu zuba komai a cikin Docker ko AppImage ko Snap su miƙa.

Toh idan ka duba ba togiya fa, kuma kana da yanki mai "only"? Abin da na fi so, kuma na fi ba da shawara, shi ne ka cire yankin da ke kawo rikicin. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne. Namu duk da togiyar ta rufa mana asiri, ƙanin nawa ya zauna kwana biyu ya rubuta sabo daga bayanin tsarin ESC/POS na Epson da yawancin firintocin rasit ke ji, ba tare da ya buɗe tsohon fayil ɗin yana kallo ba, don idan kana kallo kana canja sunaye toh kwafi ne har yanzu. Ko ka nemi wani mai lasisi mai sauƙin sharaɗi irin MIT ko BSD da ke yin aikin, misali escpos-php MIT ne. Hanya ta biyu mai kyau ita ce ka raba su gida biyu, manhajarka ta fitar da PDF ko hoto ta ajiye, sannan ta kira lp ya buga. Mu yanzu haka muke yi a sabbin ayyuka, kuma ko ba maganar lasisi ya fi sauƙin gyara idan firinta ta ƙi. Sai dai rabuwar ta zama ta gaskiya, ba ka yanka manhaja ɗaya biyu ba suna musayar kayan cikinsu ta bayan gida ka ce ai daban suke.

Kana kuma iya rubuta wa marubucin yankin wasiƙa ta imel, cikin ladabi, ka gaya masa abin da ya faru ka roƙe shi ya mayar da shi "or later" ko ya ƙara togiyar jingina da laburaren. Mutane suna amsawa fiye da yadda ake zato. Amma mai haƙƙin mallaka ne kaɗai zai iya, idan mutum goma suka sa hannu a kod ɗin toh sai goman sun yarda, kuma ka ajiye amsar a rubuce. Abin da ya sa Apple suka iya canja na CUPS kenan, haƙƙin mallakar a hannunsu yake. Haka kai ma, idan naka kod ɗin ne kai kaɗai ka rubuta, ba wanda ya hana ka canja masa lasisi yau ɗin nan.

Sai hanyar da kowa ke fara tunani, a tsaya a tsohuwar siga. Halal ne, canjin lasisi ba ya komawa baya, CUPS 2.2 yana nan a GPL 2 da LGPL 2 har abada, ba mai ƙwace maka. Amma ka ɗauke shi a matsayin mafakar wata biyu ko uku kafin ka gyara, ba wajen zama ba. Manhajar firintin tana sauraron netwok, kuma a watan Satumba 2024 an bayyana wasu ramukan tsaro a cups-browsed, mai nemo firintoci a netwok, da 'yan uwansa da za su iya bai wa na waje damar gudanar da umarni a kwamfutar mutum. Ka yi tunanin akwatinka a bizines senta a bakin BUK, ɗalibai ɗari suna jona wayoyinsu a wayfay ɗaya da shi, kai kuma ka daskarar da shi ba ya karɓar gyaran tsaro don gudun lasisi, an gudu ba a tsira ba kenan. Tsayawa a tsohuwar siga tana yin ma'ana ne idan akwai jama'ar da suka ɗauke ta suna ci gaba da kula da ita, kamar yadda OpenPDF ya tsiro daga tsohon iText.

Tunda na ambaci iText bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don ba kullum ake canjawa zuwa sauƙi ba, wani lokacin tsanantawa ake, kuma wannan ya fi cizon masu sayar da manhaja. iText, laburaren PDF na Java, yana MPL da LGPL ne har zuwa 2009, daga siga ta 5 ya koma AGPL. Ghostscript, wanda ke juya PostScript da PDF a bayan firintin ɗin Linux da yawa, ya koma AGPL 3 a siga ta 9.07 a 2013. MuPDF da PyMuPDF da masu Python ke so su ma AGPL ne. Shi AGPL ya ƙara abu ɗaya a kan GPL 3, sashe na 13, idan ka gyara manhajar kuma mutane suna amfani da ita ta netwok, sai ka ba su asalin kod ɗin ko da ba ka miƙa musu komai a hannu ba. Kamfanonin da ke da waɗannan laburaren suna fassara shi da faɗi, kuma suna sayar da lasisin kasuwanci ga wanda ba ya son buɗe kod ɗinsa, da dala. Mai fotal ɗin makaranta da ke fitar da sakamako a PDF, wannan maganarka ce kai tsaye. Kuma ba barazanar baki ba ce, Artifex masu Ghostscript sun kai kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu ƙara a Kalifoniya a 2016, a 2017 kotu ta ƙi korar ƙarar, daga baya suka sasanta a waje. Mu ma nan gida dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris 2023 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Idan aikin na gwamnati ne ko banki ko wani babban kamfani da za a sa hannu a takarda cewa kod ɗin duk naka ne, ka kai wa lauya jerin nan da ka rubuta kafin ka sa hannu, kuɗin da zai karɓa bai kai na rikicin ba.

Wani abu da ke sa ni ƙara tsoron GPL 2 musamman, sashe na 4 ya ce da zarar ka saɓa, izininka ya faɗi nan take, bai ba da lokacin gyara ba. GPL 3 ya fi tausayi, wanda aka sanar da shi karon farko yana da kwana 30 ya gyara izininsa ya dawo. Amma idan ka koma GPL 3 kuma kana sayar da na'urar da mutane ke amfani da ita a gida, sashe na 6 yana so ka ba mai na'urar hanyar saka tasa sigar da ya gyara, ba ka kulle ta ba. Masu ƙera akwatuna ku karanta wannan sashen a nutse kafin ku zaɓa.

Idan ka gama daidaita komai sai haɗa kayan da za su bi manhajar, wanda minti talatin ya isa amma shi aka fi mantawa. Apache yana so ka haɗa da kwafin lasisin, ka bar sunayen masu haƙƙi yadda suke, ka ɗauko abin da ke cikin NOTICE, idan ka gyara wani fayil nasu kuma ka rubuta a samansa cewa ka gyara. GPL 2 yana so ka haɗa da kwafin lasisin da asalin kod ɗin, ko takardar alƙawarin bayar da shi ga duk wanda ya nema har tsawon shekara 3. Ni na fi son in zuba kod ɗin a cikin akwatin tun farko, don shekara 3 tana da tsawo, had disk yana mutuwa, laftof tana ɓata, gara nauyin ya sauka ranar. A kowane akwati namu yanzu akwai folda ɗaya mai suna lasisi, ga takarda guda da muke bugawa mu sa a kwali. Wani Alhaji a Kwari da na miƙa masa ya jujjuya ta ya ce "Injiniya, wannan kuma ta mece ce, garanti?" Na ce "A'a Alhaji, sunayen mutanen da muka yi amfani da aikinsu ne, da sharaɗin da suka gindaya, kuma tana nuna kana da haƙƙin kai manhajar wajen wani ya gyara maka ko ba ni ba." Ya ce "Toh madalla, Allah ya saka musu," ya ninke ta ya sa a durowar da yake ajiye rasit ɗin kaya.

Don kar abin ya sake zuwar maka ba shiri, ka kulle sigogin da kake amfani da su a composer.lock ko requirements.txt ko duk abin da yarenka ke da shi, kuma duk ranar da za ka ɗaga wani laburare daga babbar lamba zuwa wata, ka kwatanta LICENSE da NOTICE na tsohuwa da sabuwa da umarnin diff kafin ka fara gwada ko firinta tana bugawa. Mu mun ajiye sakamakon composer licenses da pip-licenses a cikin Git tare da kod ɗin, duk sanda aka yi sabuntawa sai a sake fitarwa, idan layi ɗaya ya motsa Git zai nuna shi da ja da kore, wanda ya ɗaga laburaren kuma shi zai buɗe fayilolin ya karanta ya rubuta mana a guruf abin da ya gani kafin a kai wa ko da kwastoma ɗaya.